Wanda Ya Fara Haƙa Rijiyar Unguwarmu

"Cire wannan wurin," in ji surukata, tun ban gama karanta mata ba.

Matan ajinmu na yaƙi da jahilci ne suka ɗora min shirya taron tunawa da waɗanda suka kafa unguwarmu a Daura. Autata Hauwa ce za ta karanta tarihin. Tsofaffi sun shaida min kakan mijina ne ya fara haƙa rijiya a nan, bawa ne da ya fanshi kansa.

Na ce, "Inna, ni na ɗauka abin alfahari ne."

"To, ke za ki bi ta makaranta ranar da yara suka fara kiranta jikar bawa?"

Iyaye mata, in ku ne, za ku bar ta ta karanta?