Muryar Baturiya a Ɗakin Yaya

A shekarar yunwa, shekarar da aka koro 'yan ƙasarmu daga Najeriya, ina koyar da aji biyu a wata firamare a unguwar Choggu. Ranar da za a ba da dogon hutu hedimasta ya tara mu a ofis, ya ce gara ta cinye ƙasan kabad, ɓarayi kuma sun fara cire tagogi, don haka kowane malami ya ɗauki kwali ɗaya na littattafan yara ya kai gida har a dawo. Wasu Turawa ne suka ba makarantar littattafan tun kafin zuwana, kuma tsabar tsoron kada su yage ba a taɓa bari yaro ya taɓa su ba. Na ɗora nawa a ka, na taka har gidanmu a Kaladan, ina tafe ina tsine wa gara.

Ni dai na yi niyyar karance su kaf a hutun, in zaɓi waɗanda za su shiga kan yarana. Ba abin yi, ba abin ci, to me ya rage? Da hantsi nakan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Mma, mahaifiyarmu, in ɗauko ɗaya. Tabɗi, na ga abin mamaki. Kare na kwana a gadon yaro, yaro na mayar wa uwarsa magana ba wanda ya kai masa hannu. Akwai wani da aka zana tebur cike da burodi da nama da madara, na duba shi sau ɗaya na tura shi can ƙasan kwali, don a lokacin koko muke sha da safe, ba suga, sai kuma abin da Allah ya hore da yamma. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne labarin wata akuya da ta shiga jirgin ƙasa ba tikiti. A cikin kwalin akwai kaset-kaset a leda, kowane da hoton littafinsa a jiki, amma ba mu da abin da za mu saurare su.

Yayana ne ke da rikoda. Yana cikin waɗanda aka koro daga Legas, 'yan Agege kamar yadda ake kiransu da tsokana, kuma bayan shekarun da ya yi yana gyaran mota a can, abin da ya shigo da shi gida ke nan: rikoda mai baki biyu da kayan jikinsa. Batir ya yi ɓatan dabo a kasuwa, sai ya samo tsohon batirin mota a garejin da yake taya aiki, ya ja waya ya haɗa. Muka saka kaset ɗin akuya. Wata Baturiya ta fara karatu a hankali, da murya mai sanyi ta hanci, kuma duk inda za a buɗe sabon shafi sai wata 'yar ƙararrawa ta ce ting. Ina dariya, na waiga na ga Yaya ba ya dariya. Ya ɗora yatsa a kan layin farko yana bi.

"Ticha," ya ce, don haka yake kirana in yana neman abu, "in mutum ya bi wannan matar kullum, zai iya?"

Yaya bai yi boko ba. Shi aka zaɓa ya bi Baba kasuwar shanu, ni aka bari na yi. Ya ce a tashar jirgin ruwa, ranar da aka kwaso su, an manna sanarwa a bango, ya tsaya gabanta kamar gunki har sai da wani ya ji tausayinsa ya karanta masa. Na ce zai iya mana, gemu ba ya hana ilimi. Ya ce wannan gemun wani ne, nasa dai ba za a gan shi da littafin akuya ba. Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, har Mma.

Haka muka tsara. Bayan azahar, lokacin da matan gida suke kasuwa ko layin rabon masara, sai ya shige ɗakinsa da littafin a ƙarƙashin riga, ya sa sakata, ya rufe taga, ya rage murya. In batirin ya yi sanyi ya naɗe shi a buhu ya ɗauka zuwa gareji, ya dawo da shi a buhun. Mu a ganinmu mun ɓoye abin kunya. Ba mu tuna a wane zamani muke ba.

Zamani ne da soja ke mulki, kuma kowace unguwa tana da kwamitin da ke sa ido. An sha kai mata 'yan kasuwa fili a zane su kan an ce sun ɓoye sabulu. Wani direba a bayan layinmu, mota ta zo ta ɗauke shi da rana tsaka, matarsa tana ta kai abinci bariki ana karɓa, ba ta taɓa ganinsa ba. Ga kuma raɗe-raɗin da ke yawo cewa waɗanda suka gudu ƙetare suna shirin dawowa da makamai, suna magana da mutanensu na cikin gari ta oba-oba, rediyon nan mai aika magana. Kowa ya san wanda aka kama da irin wannan na'ura ba ya dawowa da ƙafarsa.

Shugaban kwamitinmu kuwa a gidanmu yake haya, ɗakinsa na kallon na Yaya. Mai gyaran agogo ne, mutumin da ko kaza ba ta kaucewa in ya taho. Tun da ya samu muƙami ya sayi baƙin tabarau, ya daina amsa gaisuwa sai da ka. Dā ina tsokanarsa cewa duk agogon da ya gyara sai ya riƙa kiran sallar asuba da hantsi. A hutun nan na daina, ba don an ce in daina ba.

Abin ya fara da ƙananan abubuwa. In na je famfo sai hira ta mutu. Matar da muke raba gishiri da ita ta janye 'yar kujerarta daga kusa da ƙofar Yaya. Wata rana na fito na tarar da mai agogo tsugune a gindin tagar, wai igiyar takalminsa yake ɗaurawa, alhali silifa ce a ƙafarsa. Sannan Bafulatanar da ke kawo mana nono daga rugarsu ta bayan Sagnarigu ta sauke ƙwaryarta, ta auna mini ludayi, ta riƙe hannuna ba ta saki ba.

"Madam, ku yi hankali. A kasuwa ana cewa akwai oba-oba a gidanku. Wai Baturiya ce ke ba ɗan'uwanki umarni, in ta gama sai abin ya yi ƙara."

Na zabura, har nonon ya zube mini a zane. Na shiga wurin Yaya ko sallama ban yi ba. Na ce ya buɗe ƙofar nan, ya fito da rikodar tsakar gida kowa ya ji akuya ce, a yi dariya a gama. Na ce dariya ba ta kisa, bariki na kisa. Ya ce shi da aka koro daga wata ƙasa kamar kare, ya dawo hannu rabbana, yanzu kuma a mayar da shi abin wasan matan gida? Na ce to ya daina gaba ɗaya. Ya ce saura kaɗan ya iya, ya kusa haddace littafin. Na yi masifa, na kira shi mai taurin kai, na ce girman kan nan zai ja mana abin da ya fi ƙarfinmu. Ya bari na gama, ya ce, "Kin rantse dai." Raina ya ɓaci ƙwarai, na buga masa ƙofa na fita. Washegari bayan azahar na ji sakata ta shiga.

Daga ranar karatuna ya lalace. Ina riƙe da littafi, kunnena na bakin titi. Kowace mota ta rage gudu sai in ɗago kai. Sama kuma ta yi ta haɗa hadari yana watsewa ba ɗigo, gari ya yi tsit, ko awaki ba su da ƙarfin kuka.

Sun zo ana shirin la'asar. Soja biyu da mai agogo a gaba, tabarau a fuska. Ba su ƙwanƙwasa ba, ƙafa ɗaya aka sa sakatar ta tashi. Aka fito da Yaya da singileti, aka fito da rikoda da batirin mota da wayoyinsa suna jan ƙasa. Wallahi ni kaina da na ga kayan a tsakar gida, da idon wani, sai da suka ba ni tsoro. Babban cikinsu, mai igiya biyu, ya danna maɓallin rikodar. Baturiya ta yi maganarta mai sanyi, ƙararrawa ta ce ting, matan gida suka ja da baya.

Rantsuwa ta tashi a nan. Na kutsa ɗakin na ɗauko littafin, na fito ina ɗaga shi sama ina ihu cewa ni malamar makaranta ce, wannan karatun yara ne, ga akuyar, ga jirgin, yayana karatu yake koyo, kunya ce ta sa yake rufe ƙofa. Yaya ya sunkuyar da kai. Mai igiya biyu ya karɓi littafin ya juya shi, ya kashe rikodar. Na ga alamar ya fara saukowa, har ƙaramin sojan ya murmusa da ya ga akuya da hula.

"To," ya ce da irin Hausarsu ta bariki, "in karatu kake koyo, karanta mu ji."

Yaya ya karɓa. Ya buɗe shafin farko, ya ɗora yatsa, ya fara. Innalillahi. Ban taɓa jin yana yi da ƙarfi ba, ban san abin da kwanakin nan suka zuba masa a ka ba. Muryar matar ce ta fito daga bakinsa, sak, da hancin, da lanƙwasar, da inda take jan numfashi. Turancin da ni mai takardar koyarwa ban iya ba. Inda ƙararrawa ke bugawa ya dakata, ya buɗe shafi, ya ci gaba. Ya ɗago kai, kuma na rantse da Allah daɗi na gani a fuskarsa, karo na farko tun dawowarsa.

Ba wanda ya yi dariya. Mai agogo ya gyara tabarau ya ce, "Kun ji ko? Mutumin da bai taɓa taka ƙofar makaranta ba."

Mai igiya biyu ya fizge littafin, ya buɗe can tsakiya, ya dangwala yatsa a kan kalma ɗaya. "Wannan fa?"

Yaya ya duba. Leɓensa na motsi, na san daga farkon labarin yake jawowa a zuci don ya iso wurin. Kalmar gajeruwa ce, yaran ajina sun san ta. Na buɗe baki, ƙaramin sojan ya juyo da bakin bindiga wajena. Yaya bai kai ga kalmar ba.

"Ba ka iya karatu ba," in ji sojan, "amma kana Turancin Turawa. Littafi na rufe ido ne. Wa ya koya maka?"

Na ce kaset ɗin ne, a saurara har ƙarshe a gani. Ya ce za a saurara a bariki. Suka tura shi mota da rikodarsa da batirinsa. Mma ta dawo daga layin masara ta tarar da ƙofa a karye.

Na je wurin hedimasta ya zo ya shaida littattafan na makaranta ne, ya ce yana da iyali. Na je ƙofar bariki da kwalin a kaina, aka ce ba sa karɓar littafi, in da abinci in ajiye in tafi. Haka muka yi ta yi ni da Mma, muna raba ɗan tuwonmu muna kaiwa, muna tarar da matar direban nan a bakin ƙofar da nata kwanon. Ba ma gaisawa sosai, don kowa na tsoron abin da zai gani a fuskar wani. Mai agogo kuwa kullum ina wuce shi a zaure. Na tsane shi, kuma har yau ban nemi Allah ya cire mini ba.

Ana saura kaɗan a koma makaranta, da hantsi, sai ga Yaya a ƙofar gida shi kaɗai. An aske masa kai faci-faci, ya rame, amma da ƙafarsa ya shigo. Mma ta saki muciya ta kurma ihu, ta rungume shi tana kuka tana salati. Matan gida, har da masu janye kujera, suka fito suna barka, wata na guɗa, yara na tsalle, maƙwabta na tururuwa ta zaure. Aka zaunar da shi a tabarma, aka miƙa masa koko. Na zagaya ta bayansa, don ban iya kallon fuskarsa ba tukuna, na durƙusa na ce, "Yaya, sannu." Bai juyo ba. Na ƙara matsowa daf da kunnensa na faɗa da ƙarfi. Ya ci gaba da shan kokonsa. A nan na ga busasshen jini a cikin kunnen, na leƙa ɗayan na ga haka.

Ya ajiye kofin, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, bakunanmu duk a buɗe, gidan kamar zai tsage don hayaniya. Sai ya yi magana da wata irin murya mai ƙarfi wadda ba tasa ba.

"Mma, lafiya kuwa? Me ya sa kowa ya yi shiru?"