Baba Ishaya da Akwatin Kwamfutata

Da safen nan ina buɗe shago aka kira ni: Baba Ishaya mai gyaran kwamfuta na Sabon Gari ya rasu.

Na zauna a kan benci. Ban yi kuka ba tukuna.

Waɗanda suka yi karatu a Samaru a shekarun dubu biyu da ɗoriya za su iya tuna ɗan shagona na taifin. Kwamfuta ɗaya gare ni, ta tebur da na saya ta hannu, kuma duk firojet ɗin ɗaliban da nake bugawa a cikinta yake.

Wata bazara sai kwamfutar ta fara mutuwa da kanta. In na yi minti ashirin ina aiki sai ta ɗauke ɗif. Mutum bakwai ke jiran aikinsu, saura kwana huɗu su miƙa. Wata har ta ce za ta zo mini da yayanta soja.

Na naɗe akwatin a zani, na hau bas zuwa Sabon Gari.

Baba bai taɓa sukudireba ba sai da ya tambaye ni, "'Yata, a ina kike ajiye ta?"

Na ce a lungu, jikin bango, kuma ina lulluɓe ta da ƙyallen leshi don ta yi kyau.

Ya ce, "Ke a lulluɓe ki a wannan zafin, za ki yi aiki?"

Ya kwance murfin gefe, ya ce in matso. Ya yagi 'yar siririyar takarda ya kara a fankar baya. Maimakon iska ta turo takardar waje, sai ta zuƙe ta. Ashe wanda ya haɗa kwamfutar ya ɗaura fankar a juye. Ta gaba na shigo da iska, ta baya ma haka, zafi ya rasa hanyar fita.

Ya juya fankar. Faffaɗan wayoyin nan da suka tare tsakiya kamar shanya, ya ninke su ya ɗaure a gefe. Ya sauko da had dis, wato ma'ajiyar bayanai, ƙasa, saitin fankar gaba. Sai ya miƙo mini sukudireban ya ce in maida murfin da hannuna.

Kwamfutar ta kai magariba a kunne, ko tari ba ta yi ba. Duk bakwai ɗin suka miƙa aikinsu.

Daga nan duk Asabar ina shagonsa. Ba ya yabo. In ka yi daidai, "To" kawai zai ce. A wurinsa na koyi sana'ar da nake ci da ita yau.

Wata biyu da suka wuce na gamu da shi a Dogarawa yana jiran mota. Ya rame, idonsa ya yi rauni, da murya ya gane ni.

Ya ce, "Rahila, na haɗa miki kayan aikina a jaka. Hannuna rawa yake yanzu. Ki zo ki ɗauka."

Na ce, "Baba, Asabar ina nan tafe."

Ban je ba. Ba wani dalili, aiki ne kawai.

Ubangiji Ya ba shi hutu na har abada, Ya ta'azantar da matarsa Mama Laraba da 'ya'yansa. Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya sa Baba Ishaya a addu'a yau.