Sinasir ɗin da Bai Kwana Ba

Ina da shekara arba'in da 'yan kai aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a firamaren unguwarmu, nan Gwange a Maiduguri. Na ce wa maigidana zan shiga. Shi dillali ne a Kasuwar Shanu. Yana buɗe bakin saniya zai gaya maka shekarunta, shi ya sa yake ganin babu abin da bai sani ba a duniya, har girki, shi da bai taɓa hura wuta ba.

Ya ce in je, amma da sharaɗi. Duk ranar da gari ya waye babu sinasir a gabansa, karatu ya ƙare. Kuma na turmi yake so, wai niƙan inji warin mai yake masa.

Sinasir kuwa aikin jiya ne ake ci yau. Ki jiƙa shinkafa da hantsi, ki daka da la'asar, ki kwaɓa ki rufe ya kwana ya yi tsami, da safe ki soya. Ajin namu da la'asar ake yi. Ba wai ya san haka ne ya ɗana mini tarko ba, kada in ba shi wayon da ba shi da shi. Sa'a ce kawai irin ta maza.

Wata huɗu ina daka da azahar cikin ranar nan ta Maiduguri, in tafi aji hannu na rawa, malama tana cewa rubutuna kamar kaza ta taka taɓo. Ban fasa ba.

Rannan malama ta ce jibi jarrabawa. Washegari na wuni ina zana baƙaƙe da gawayi a bangon madafa. Ana cikin haka yayar maigidan ta iso daga ƙauyen Dusuman da kaji biyu da ƙorafin shekara guda. Tsohuwa ce mai ido, wadda take shafa bayan tukunyar mutum kafin ta amsa gaisuwarsa. Tsakanin ita da gawayi na manta da shinkafa sam.

Da asuba na buɗe tukunyar ƙulli, na tarar da ita wanke fes. Maigida ya tafi masallaci, kuma na san zai zauna ƙofar gida da abokansa har rana ta fito, suna gyara gwamnati. Lokacin da nake da shi ke nan.

Katanga ɗaya ce tsakanina da matar akawu, Kirista ce daga wajen Biu, ta yi makarantar mishan. Na hau turmi na leƙa.

"Maƙwabciya, karatuna ya mutu. Ban jiƙa ba."

"Ke da fulawa a gidan?"

"Fulawa ta yi me? Sinasir na ce miki."

"Sauko daga turmin nan kada ki karye a banza. Fanke za ki yi, irin na faranti, wanda nake wa yara kafin su tafi makaranta. Kafin shayi ya tafasa kin gama."

"Naki mai ƙwai, ja-ja? Mutumin nan makaho ne?"

"Namiji ne dai. Kada ki sa ƙwai. Sa nono mai tsami, ki soya gefe ɗaya, ki rufe da murfi. Fari zai fito."

Ta miƙo mini wani ɗan gwangwani mai farar hoda, ta ce cokali ɗaya yana ta da ƙulli nan take. Na ce mata abin da bai kwana ba ya tashi, ai sai da aljani. Ta ce to in gaida aljanin.

Na kwaɓa fulawa da nono da ɗan sukari da gishiri, na yanka albasa, na zuba hodar da bismilla. Na shafa mai a kasko, na zuba ludayi ɗaya, na rufe. Da na buɗe sai ga shi fari sol, da 'yan ramuka kamar saƙar zuma. Gaskiya sai da na ji haushi. Shekara ashirin da biyar ina kashe kafaɗuna, ashe ga matar akawu can tana barcinta.

Kafin rana ta fito na cika faranti. Sai tsoro ya kama ni, na ga abin ya yi sauƙi da yawa, dole a gane. Na jawo turmi babu komai a ciki, na shiga lugude, don a ji daga ƙofar gida cewa matar gidan nan tana shan wahala yadda ya kamata.

Maigida ya shigo ya zauna a tabarma, yayarsa a gefe. Ya gutsura, ya tauna, ya tsaya. Ya juya shi ya duba bayansa kamar mai duba kofato.

"Wannan ya bambanta," in ji shi.

Na tura masa farantin kusa.

"Yaya, kin ji laushi? Shinkafar bana ce, sabon girbi, ni da ɗanɗano ɗaya nake ganewa. Kuma kin ji daka da kunnenki yanzun nan. Irin wannan marigayiya mahaifiyarmu take mana. Matan yanzu sai inji."

Ya ci bakwai. Yaya ta ci biyu, tana taunawa a hankali tana kallona. Ta jira har ya sa hula ya fita.

Ta same ni a madafa, ta yi mini magana da Kanuri, yadda take yi in za ta yanka mutum.

"Tun da aka haife ni ban ga inda ake dakan sinasir da safe ba. Kuma turmin da babu komai, kukansa daban ne. Ki riƙa zuba dusa, kada ki fasa turmin uwarmu."

Na ce, "Yaya, ki rufa mini asiri."

Ta ɗaga kai tana duba baƙaƙen da ke bango. "Wannan ɓarnar, ita ce karatun?"

"Ita ce."

"Ta kai ki rubuta wasiƙa?"

"Da saura. Sunana kawai na iya, da tunkiya, da tulu."

Ɗanta soja ne a Legas. Duk lokacin da za ta aika masa saƙo sai ta je wurin mai rubuta wasiƙa a bakin tasha, ta zazzage masa cikinta, kafin ta koma Dusuman rabin gari ya san abin da ta ce.

"Wata nawa?"

"Malama ta ce shida, in ban fasa zuwa ba."

"To ba za ki fasa ba. Shi wannan, bar ni da shi, ni na yaye shi." Ta ɗauki gwangwanin ta shinshina. "Zuba mini kaɗan a takarda. Nawa mijin ma masani ne."

Da la'asar na je na ci jarrabawa. Wata bakwai bayan nan na rubuta wasiƙar, layi biyar, uku duk faɗa ne. Maigida ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, Allah ya jiƙansa, kullum yana yabon shinkafar bana. Ni kuma kowace safiya in zuba dusa a turmi in ba shi kiɗansa.