Rigar Da Ta Dawo A Bushe

Shekari ma'aikaci ne a sashen rini na wata masaƙa a Kakuri, inda tururi ke dafa mutum a tsaye. Kullum rigarsa sharkaf take dawowa gida a unguwar Nasarawa, in gumin ya bushe ya bar farin gishiri a bayanta. Matarsa Saratu ke wankewa tana mita.

Da aka fara rage ma'aikata a 1984, tsoro ya kama kowa. In ka sha ruwa sai ka zagaya, in ka cika zagayawa kuwa idon sufabaiza na kanka. Sai Shekari ya daina shan ruwa a wurin aiki. Ruwa fa, da ko kaza ba a hana ta!

Wata rana da bazara ya shigo gida yana tangaɗi, rigarsa a bushe ƙayau.

"Maman Irene, jikina ya saba," ya ce wa Saratu yana murmushi. "Yau ko gumi ban yi ba."

Saratu ta taɓa wuyansa, ta ji zafi kamar dutsen guga. Ya dube ta, ya kira ta da sunan mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa. Ta kurma ihu. Maƙwabta suka yi ta kwara masa ruwan randa har aka samu motar zuwa asibiti.

Ya rayu, kuma duk da haka aka sallame shi daga aiki.

Har Saratu ta tsufa, in ɗanta ya dawo daga aiki, ba ta amsa gaisuwarsa sai ta shafa bayan rigarsa ta ji danshi.