Armaya'u Mai Zayyana a Zakka

Armaya'u ya shigo Zakka ne da kaka, shi da matarsa Saude da jaki ɗaya, sai wata jakar fata cike da alƙaluma da 'yan ƙoƙunan tawada. Ya ce daga Ruma yake, sana'arsa zayyana. Babu wanda ya san mahaifinsa. A zamanin kuwa ƙasar Katsina tana ƙarƙashin tutar Sakkwato, mahara daga arewa ba su bar garuruwan bakin daji sun huta ba, don haka baƙon da ba a san asalinsa ba sai a daɗe ana sa masa ido.

Malam Yusha'u, mai makarantar allo a garin, ya ba shi zaure, ya ce ya koya wa ɗaliban da suka kusa sauka yadda ake ƙawata allo. Armaya'u bai fara da allo ba. Rairayi ya sa aka zuba a ƙofar zauren, ya ce kowa ya ja zane miƙaƙƙe da tsinke. Wata guda suna wannan, har iyaye suka fara gunaguni. Daga nan ya kafa turke ya ɗaura igiya, ya nuna musu yadda ake zagaye. Sai haɗa tawada: baƙa daga gawayi da ƙaro, ja daga karan dafi. A ƙarshe ya kawo yumɓu, suna ɗora dagi a jikin bango da hannu. Abu mai rai kam ya hana a gina, ko da ƙadangare ne.

Yumɓun nan shi ya jawo masa magana. Kowace Alhamis yakan kora jakinsa shi kaɗai zuwa wani rafi can cikin daji, inda ko mafarauta sai sun yi ayari suke zuwa, ya dawo da la'asar lafiya lau.

Badaru, ƙanen mai gari, wanda mahara suka kashe wa babban ɗa a gona, shi ya fara tambaya a fili. Wata safiya ya tsaya a kan rairayin makarantar, ya ga da'ira babba mai kafa huɗu, da zane biyu sun ratsa ta sun gicce a tsakiya. Ya hana kowa taka wurin, ya kirawo wansa Mahmudu, mai gari.

"Yaya, dubi nan. Ga ganuwarmu, ga ƙofofinmu huɗu, ga hanyar kasuwa. Wa yake kai wa wannan duk ran Alhamis?"

Mahmudu ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya juya ga Armaya'u. "Malam, mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, tsakiyar allon sauka ne. Haka maigidana ya koya mini, tun ban taɓa jin sunan Zakka ba."

"Ina maigidan naka?" in ji Badaru.

"Ya rasu."

"To, ka ji."

Malam Yusha'u ya shiga ɗaki ya fito da allon da aka yi masa zayyana ranar tasa saukar, shekara arba'in da suka wuce. Da'irar tana nan, da kafofinta huɗu. Mutane suka yi ta miƙa wa juna allon. Badaru bai karɓa ba. Ya ce, "Allah gafarta Malam, allonka ba ya shiga daji. Shi yana shiga."

Mai gari ya yanke cewa a ci gaba da karatu, amma Armaya'u ba zai sake fita ganuwa ba sai da rakiya. Badaru ya ce shi zai raka shi. Shekara biyu suna tafiyar nan duk Alhamis, Armaya'u a gaba da jaki, Badaru a baya da kwari da baka. Armaya'u ya haƙa yumɓu, Badaru ya bi ya duba kowane rami ko an binne wani saƙo. Bai taɓa samun komai ba. Saude takan ƙulla wa mijinta fura, shi kuma ya miƙa wa Badaru ludayi. Badaru bai taɓa sha ba.

A damina ta uku mahara suka faɗo wa Zakka da hantsi, mutane suna gona. Ta ƙofar yamma suka shigo, suka kora dabbobi, suka cinna wuta a unguwar makaranta. Ɗakin Armaya'u ya ƙone ƙurmus da alƙalumansa, shi kuma ya ƙone a hannun dama wajen fito da allunan ɗalibai. Wasu suka ce ai magana ta ƙare, ɗan leƙen asiri ba ya barin a ƙone gidansa. Badaru ya ce in shi ne ma haka zai shirya da su.

Bayan sati biyu Armaya'u ya je gaida Malam Yusha'u, hannunsa naɗe da tsumma.

"Malam, zan koma Karare. Dangin Saude suna can."

"In ka tafi yanzu, za a ce gudu ka yi."

"In na zauna ma ana faɗa. Yaran nan sun fara jin kunyar a gan su tare da ni a kasuwa."

Kafin ya tashi ya kira Salmanu, ɗalibinsa da ya fi kowa nutsuwar hannu, ya yini yana nuna masa yadda ake sirka yumɓu da ciyawa don kada dagi ya tsage da rani. Ya kuma kwatanta masa rafin, ya ce ya nemi abokan tafiya.

A Karare hannun bai koma daidai ba, yatsu biyu suka ƙage. Ya koyi ja da hagu, ya ci gaba da koyarwa har ya tsufa, a can ya rasu. Salmanu ya riƙe zauren Zakka, shi ya yi wa masallacin garin ado da aka sake gina shi. Badaru ya yi tsawon rai. In aka ambaci Armaya'u a gabansa sai ya ce, "Ban kama shi da komai ba, wannan na yarda. Amma ku gaya mini sunan ubansa."