Jif ɗin Yaya Garba da goron sallamar Inna

Bana shekara ashirin ke nan da muka sa Yaya Garba a makwancinsa, amma har gobe in na ji tsohuwar mota tana tari a layinmu na Tudun Wada sai na ɗaga labule. Na san ba shi ba ne, hannu ne kawai ya saba. Tsofaffin unguwa Alhaji Garba Mai Jif suke ce masa, ko da yake jif ɗin ta riga shi tafiya da shekaru masu yawa, kuma in za a faɗi gaskiya zaman da ta yi a kan duwatsu ya fi tafiyar da ta yi a kan hanya. Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba wanda ya kai ni yi masa tsiya a kan motar nan. Shi ya sa nake ganin ni ya kamata in ba da labarinta.

Ana saura 'yan shekaru a samu mulkin kai ya saye ta a gwanjo, daga hannun wani Baturen dabbobi da zai koma gida. Gajeriya ce, koriya, mai rumfar tamfol, ƙafafunta huɗu duk suna ja, tana ratsa yashi da taɓo inda babbar mota ba ta ko leƙawa. Fatun dabbobi Yaya yake saye a ƙauyuka, don haka kowa ya ɗauka don sana'a ya saye ta. Mu na gida mun san akwai wani dalili. Mahaifiyarmu, Inna, mutuniyar wani ƙauye ce can yamma ta wajen Birnin Gwari, bayan rafuka da fadamu. Tun da ciwon gwiwa ya kama ta ba ta sake iya hawa jaki ba, ta fi shekara goma ba ta ga yayarta Iya Talatu ba, wadda ita kaɗai ta rage mata a ɗakinsu. Yaya ya yi alkawari a gaban mutanen gida cewa da zarar ruwa ya ɗauke, rafuka sun ja baya, zai kai ta.

Inna ba ta tanka masa ba, don dama ba ta tanka masa. Shi ne ɗan fari, ita kuwa irin matan da ce masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, in tana da magana da shi ni take faɗa wa ko da yana tsugune a gabanta. "Ka ce wa wancan tuwonsa na hucewa," haka take yi, tana nuna shi da haɓa. Amma ranar da motar ta zo na gan ta ta leƙo ta zaure, ta daɗe tana kallo. Bayan nan ta ba wani bafatake saƙon baka zuwa ga Iya Talatu, cewa tana nan tafe, kuma a motar gida.

Ruwa bai gama ɗaukewa ba motar ta yi wata irin ƙara a hanyar Dutsen Abba, ta tsaya cak. Da shanu aka jawo ta gida. Baba Dauda makaniki ya kwance akwatin giya, ya fito da wani ƙarfe zagayayye wanda haƙoransa suka kakkarye. Ya ce abu kaɗan ne, a samo sabo, wuni guda ya ishe shi. Wannan magana ta Baba Dauda na daɗe ina riƙe da ita a kansa.

A Zariya babu. Yaya ya hau jirgin ƙasa zuwa Kaduna, kantin kamfanin da ke shigo da irin motocin nan. Madubi akwai, murfin fitila akwai, har da wani kwandon ƙarfe na ɗora kaya a sama da akawun ya dage sai ya saya, amma abin da zai sa mota ta motsa babu. Sai an aika Ikko. Ikko ta ce sai jirgin ruwa ya zo. In kuma ya zo, motocin gwamnati ake fara sallama, mai mota guda ya jira ragowa. Duk zuwan da ya yi, dawo wata mai zuwa ake ce masa, ya dawo gida da gajiya da tsarabar burodi. Wani maƙeri a cikin birni ya ji tausayinsa ya ƙera masa irinsa, kyakkyawa kuwa. Aka ɗaura, aka yi guɗa, motar ta kai ƙarshen layi ta sake yin ƙarar nan. Da sanyi ya shigo kaya suka iso, Yaya ya rungumo ƙarfen kamar jariri, Baba Dauda ya gwada ya ce na sabon yayi ne, ba zai shiga tsohuwa ba. A kantin kuma aka ce laifinsa ne da bai yi bayani sosai ba, kuma ba a mayar da kaya. Ban taɓa jin Yaya ya zagi mutum ba, amma ranar nan ya daɗe yana tsaki a kan tabarma.

Duk wannan ɓacin rai ne da kowane mai jif na lokacin ya sani. Abin da ya zama namu mu kaɗai shi ne halin Yaya. In ka cire na gwamnati, masu irin motar nan a Zariya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma duk jirgin ruwan nan guda suke jira. Wata safiya Malam Audu, mai sayen auduga a Gyallesu, ya zo gaisuwa. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi zancen kasuwa, sannan a cikin hira ya ambaci cewa kafiretarsa ta ƙi, ga auduga ta nuna a ƙauyuka. Bai roƙa ba. Yaya ne ya ce, "Ai tawa a zaune take, Malam. A kwance a ɗaura maka, in ƙarfena ya zo ka maido." Mista Okeke, wani Ibo mai kai kaya kasuwannin ƙauye daga Sabon Gari, ya tafi da lagireto. Wani malamin gona da ke zaune a Kongo ya tafi da batir, ya dawo ya tafi da tayoyin baya. Daga nan sai fulogi, sai fambel, sai sifirin. Kafin zafi ya shigo motar ta hau duwatsu, kajin matar Yaya sun mayar da mazaunin direba akurki.

Na yi magana har na gaji. Na ce masa mutane mota suke saye su hau, shi ya saya ya raba sadaka. Sai ya yi murmushi ya ce mutum ya zo har zaurenka da damuwarsa, kana da maganinta a ajiye tana tsatsa, da wane bakin za ka hana shi.

Ƙarfen gaskiya ya iso cikin bazara, hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa. Baba Dauda ya juya shi a hannu ya ce shi ne, sannan ya dubi abin da ke kan duwatsu ya ce, "To Malam Garba, ina motar da zan sa shi?" A nan ne muka gane Yaya ya iya bayarwa amma bai iya karɓa ba. Ya je Gyallesu da niyyar magana, aka kawo masa fura ya sha, ya tarar motar Malam Audu an loda mata kaya za ta fita, ya yi mata addu'ar sauka lafiya ya dawo. Su kuma masu aron ba mugunta suka yi ba, nasu kayan ba su zo ba, kuma tunda bai ce komai ba suka ɗauka babu gaggawa. A daidai lokacin bafataken nan ya dawo da labarin cewa idon Iya Talatu ya yi rauni ƙwarai, kullum tana zaune a bakin hanya tana sauraron ƙarar mota. In ruwan farko ya sauka hanyar ta rufe sai baɗi, kuma duk wanda ya dubi Inna a shekarar nan ya san baɗi ta yi mata nisa.

Na ce mata a ari motar Malam Audu kawai a kai ta. Ta ce, "A motar gida na ce mata zan zo." Na fita raina a ɓace da su duka biyu, uwa ba za ta yi wa ɗa magana ba, ɗa ba zai yi wa abokai magana ba, ga hadari kullum yana ƙara duhu.

Washegari ta kira ni ta ce in sayo goro mai kyau. Ta zauna ta ƙulla shi ƙulli-ƙulli a ganye, ta ce in kai wa matan gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, in ce Inna tana sallama, za ta garinsu bayan Juma'a a motar gida, a yafe mata, a sa ta a addu'a. "Kada ka ƙara ko kalma ɗaya," in ji ta. Goron sallama ba baƙon abu ba ne, duk dattijuwar da za ta yi doguwar tafiya takan aika. Na hau keke na bi gidajen. A Sabon Gari Mista Okeke yana nan lokacin da na miƙa wa matarsa. Ya karɓi ƙullin ya auna a tafin hannu, ya dube ni, ya ce da Hausarsa, "Malam, wannan goro yana da nauyi."

Kashegari da hantsi suka fara zuwa. Mista Okeke ya ɗauro lagireto a bayan keke, da kansa ya turo shi tun daga Sabon Gari. Malamin gona ya gangaro da tayoyi, batir a kan jaki. Malam Audu ya zo da kafireta a naɗe cikin tsumma, da tulun man fetur da ba wanda ya tambaye shi. Ba wanda ya ambaci aro, kowa cewa yake ya zo yi wa Inna sai ta dawo. Yaya kuwa kunya ta hana shi ɗaga kai, kamar shi ne ya ci bashi. Makon nan motocinsu duka suka hau duwatsu a ƙofar gidajensu, cikin tsakiyar lokacin nema, don tamu ta sauka.

Baba Dauda ya harhaɗa motar, ranar Asabar muka tashi. Inna a gaba, ta rungume ƙullin kayanta, ta juya fuska waje guda har muka isa don kada ta kalli direba. Motar ta yi abin da aka saye ta dominsa, ta shiga yashin rafi tana nishi ta fita, ta hau tudu ta sauka fadama, ba ta ko yi tari ba.

Mun tarar da Iya Talatu a gindin wata kanya a bakin gari, amma idon ya riga ya tafi gaba ɗaya tun cikin sanyi, ashe labarin bafataken tsoho ne. Da murya ta gane ƙanwarta. Abin da suka yi na kuka da dariya da shafa fuskar juna ba zan iya rubuta shi ba, ko yanzu ƙwalla nake yi. Da suka natsu Iya ta ce a kai ta ta taɓa motar. Ta bi ta da hannu tun daga fitila har tamfol, sannan ta ce, "Wa ya tuƙo ki?" Inna ta nuna da haɓa kamar yadda ta saba. Iya ta sake tambaya. Inna ta ce, "Yaron nan ne." Iya ta ce, "Wane yaron? Ai biyu gare ki." Ina kallon Inna tana murza bakin mayafinta. Can ta ce a hankali, "Garba ne. Garba ne ya kawo ni." Yaya ya zagaya bayan mota ya tsuguna wai yana duba taya, ya daɗe bai tashi ba. Yana da 'ya'ya uku a lokacin, kuma ranar ce ya fara jin sunansa a bakin mahaifiyarsa.

Ruwan farko a hanyar dawowa ya same mu, daf da Zariya. Inna ba ta ga wata bazarar ba.

Yau in na bi ta inda ake sayar da kayan mota na ga ƙarfe tsibi-tsibi, sabo da na hannu, sai in ce ina ma Yaya ya gani. Na san da farko zai yi murna. Sai dai zai ji masu mota har yanzu suna kukan an sayar musu da jabu, ko an kawo wanda bai shiga ba an ce ba a mayarwa, ya ce ashe akawun Kaduna ya bar jikoki. Manyan jif masu baƙin gilashi da ba su taɓa taka taɓo ba za su ba shi dariya. Abin da zai dame shi na sani, shi ne a ce maƙwabci yana da safana a ɗaki, kai kuma ka tafi haya. Shi bai taɓa daina hali ba. Ba mu yi wata da dawowa ba na ga Mista Okeke yana fita da lagireton nan a bayan keke, Yaya yana raka shi.

Bai bar dukiya ba, motar ma a ƙarshe kashi-kashi ta watse cikin motocin mutane. Ƙarfen nan na sabon yayi da kamfani ya ƙi karɓa shi ne kawai ya rage, da shi muke tokare ƙofar zaure har yau. A ciwonsa na ƙarshe na zauna kusa da shi, na ɗauko zancen don in sa shi dariya. Na ce da mutanen kamfani sun kawo ƙarfen a kan lokaci, da Iya Talatu ta ga motar da idonta. Ya ce wallahi haka ne, kuma abin yana ci masa rai har yanzu. Ya lumshe ido har na ɗauka barci ya yi, sannan ya ce, "Amma ka ga, da Iya tana gani, da Inna ta nuna ni da haɓa, shi ke nan."

Allah Ya haɗa shi da mai kiran sunan nan a inda ba a jiran komai.