Goggo Azumi da Jakar Kwantajaki

Duk wanda ya taɓa tsayawa layin wachen Goggo Azumi, a bakin babbar gotar nan da ta raba unguwannin Nima da Maamobi a birnin Accra, ya san ba a ba ka abinci a wurin sai an haɗa maka da darasi. Ba ta zuba wache irin na mutane. Zana garinsu take yi.

Sai ta shimfiɗa ganye a tafin hannu, ta ɗora shinkafa da wake tsibi guda, ta ce, "Tudun Madugu ke nan." Ta jawo taliya ta lanƙwasa, "Hanya ce, daga Salaga ta taso." Ta barbaɗa garin rogo, wai rairayin rafi ne. Ta dasa dafaffen ƙwai, "Farin Dutse. In ka gan shi ka yi hagu." Ganda yanka biyu su ne rimaye biyu na bakin gari. Shito kuwa, baƙin yajin nan mai mai, shi ne tafki. Daga ƙarshe ta tsinko ɗan nama ƙanƙane, ta cusa a bayan tudun, ta ja tsaki ta ce, "Nan kuma gidan waccan mai taurin kan." Yayarta Asabe take nufi.

Sunan garin Kwantajaki. Ku yi dariyarku, na saba. Ni ce Hawa, 'yar ƙanenta, a hannunta na tashi bayan rasuwar mahaifiyata, kuma babu abin da ya ba ni kunya a duniya irin wannan suna. A makaranta in an tambayi kowa garinsu, wannan ya ce Kumasi, wancan ya ce Kano, ni sai in ce Salaga, in yi sauri in zauna. A gida kuwa, kafin ta buɗe baki na riga na cakuɗa nawa abincin na shige ɗaki. Ni kaɗai ce a duk Nima ke cin wachen Goggo ba darasi.

Wata safiya wani ma'aikacin ofis, Mista Odoi, ya tsaya da taye a wuya yana ta duba agogo. Goggo na cikin shimfiɗa hanya ya ce, "Mma, don Allah sa ƙwan a nan gefe, ina sauri."

Ta dube shi sama da ƙasa. "A ina?"

"Ko'ina, Mma. Ƙwai ne kawai."

"Ƙwai ne kawai! Dutsen da kakannina suka tarar a wurin, kai za ka ɗauke shi ka kai yamma don kana sauri? In baƙo ya ɓata a daji, kai za ka nemo shi?"

Ta juye abincin cikin tukunya ta ce na baya ya matso. Ina wurin a tsaye da kayan aikina na kantin magani, wallahi ji na yi kamar in faɗa gotar. Na ce shi ke nan, ta kori mai kuɗi. Washegari sai ga shi ya dawo, ya harɗe hannu a baya kamar ɗan firamare ya ce, "Mma, Tudu babba, da hanya, da dutse a inda Allah ya ajiye shi." Daga ranar ba ta sake korarsa ba, kuma bai sake fashi ba.

Haka duk unguwa ta koma. Yaran mota, 'yan kayayo masu dako, teloli, har 'yan sanda, ba mai cewa a ba shi taliya ko ƙwai. Sai ka ji ƙato yana ihu daga tagar motar haya, trotro, "Mma! Tudu biyu, ban da rairayi, a cika tafki!"

Cika tafkin nan kuwa shi ne ba ta yi. Kun san Goggo da hannu, in ta damƙe abu sai dai a yi haƙuri. Da rani in ka ce ta ƙara shito sai ta ce, "Rani ne, ɗana, tafki ya janye. Shanu ma sai sun shiga laka." Wani yaron mota, Kwaku, ya daure har damina ta sauka, ranar da aka kwana ana ruwa har gota ta yi ambaliya. Ya zo a jiƙe sharkaf yana murna ya ce, "Mma, yau dai tafki ya cika, ko?"

Ta ɗiga masa ɗan digo kamar hawaye ta ce, "A nan aka yi ruwa. Can bana ya yi gardama."

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da dangin saurayina Sule suka zo neman aurena. Mutanen Sabon Zongo ne, masu ji da asali, in suka fara lissafo kakanni sai sun kai ka har ƙofar Kano. Na roƙi Goggo tun da safe. Na ce, "Goggo, don girman Allah, in sun tambaya ki ce Salaga. Ai ba ƙarya ba ce, kusa ne." Ta ce, "To." Da na san irin wannan "to" ɗin ne da ban kwantar da hankalina ba.

Ina bayan labule ina leƙe. Baban Sule, dattijo mai farin gemu, ya gyara babbar riga ya ce, "Hajiya, ku mutanen ina ne?"

Goggo ta miƙe tsaye. 

"Alhaji, fatake ne kakanninmu, masu zuwa Gwanja sayen goro. Suna kan hanyar komawa, an yi wa jakuna lodi, sai jakar madugu ta iso gindin wani tudu ta tsaya. Aka ja, ta ƙi. Aka daka, ta ƙi. Sai ta yi haka."

Jama'a, Goggo ta durƙusa a kan tabarma, gaban surukaina, da sabon leshinta. Ta sa gwiwa, ta sa hannu, ta karkace gefe guda ta kwanta, har da sauke numfashi. Tana kwancen ta ci gaba, "Ashe naƙuda ce. Madugu ya ce ba zai bar ta ba, ayari ya wuce. Ya haƙa rijiya, ya kafa bukka yana jiran ɗan jaki ya yi ƙwari. Kafin ya yi ƙwari damina ta faɗi, ya yi shuka. Kafin ya girbe ya ga wata yarinya a bakin tafki. To, ga mu nan."

 Na cusa gyale a baki ina kuka, na ce aure ya tashi. Sai na ji Alhaji ya fashe da dariya har yana tari, ya ce, "Hajiya, tashi, tashi! Mutanen da ba su yar da jaka a daji ba, ba za su yar da ɗana ba." An yi auren. Amma har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da sunana ba. 'Yar Jaka yake ce min, ko a gaban baƙi.

Jakar nan ce ta raba Goggo da yayarta Asabe. Tun ina ƙarama suka haɗu a wani biki a Kumasi, hira ta kai ga tarihin gari. Asabe ta ce jaki ne namiji, ƙiwuya ce kawai ta kwantar da shi, ai ga sunan garin ma ya nuna. Goggo ta ce, "Maza ne suka raɗa sunan, me kike so su ce?" Aka yi baram-baram, kowa ta ɗauki ƙunshinta. Goggo ta rantse ba za ta taka garin ba sai Asabe ta janye maganarta.

Amma fa ba su daina aike ba. Akwai Isaka, direban motar doya da ke lodi a kasuwar Salaga. Wata maƙwabciyar Asabe mai sayar da man kaɗe ita ke kawo masa saƙo ranar kasuwa. Duk zuwansa Accra sai ya tsaya gaban tukunyar Goggo, ya cire hula, ya ce cikin ladabi, "Mma, an ce a gaya miki jaki ne."

"Lafiyarta ƙalau ke nan, mai baƙin taurin kai. In ka koma ka ce jaka ce. Ungo, ka ci Tudu."

Shekara da shekaru saƙon ke nan, ba gaisuwa, ba tambayar yara. Na sha ce mata wannan abin kunya ne, tsofaffi biyu suna wahalar da bawan Allah a kan dabbar da ta mutu tun kafin zuwan Turawa. Na ce in saya musu waya su yi magana. Ta ce ba ta faɗa ta waya. Sai ta nuna ni da ludayi ta ce, "Ke dai ki ji. Ranar da na mutu, ban yarda Asabe ta ji a bakin direba ba. Jinina zai taka da ƙafa har ƙofarta, ya zauna, ya gaya mata. Ke ce za ki je." Nakan ce to, irin "to" ɗin da na koya a wurinta.

Bara Goggo ta kwanta, ciwon bai daɗe ba Allah ya yi mata rasuwa. Ranar sadakar uku aka dafa wache a tukunyarta, layin ya cika maƙil da mutanen da ban san ma sun san sunanta ba. Isaka ya zo, ya ce zai kai ni Salaga, amma daga nan bai san hanya ba, bai taɓa shiga garin ba. Ya ƙara da cewa kada in dogara da 'yan babur, don samarin garin sun daɗe da canja masa suna, su ma kunyar jakin suke ji, yaran yanzu ba su san Kwantajaki ba. Na duba taswirar waya, babu. Na san akwai dutse, na san akwai tafki, amma wanne ke gaba, ina ake hagu, ban sani ba. A gidan na girma ban sani ba. Na zauna a kan benci na fashe da kuka.

Kwaku yaron mota ya matso da gurguwar Hausarsa. "Sista Hawa, mene? Kai bai san hanya ba? Ei! Kawo ganye."

Ya shimfiɗa ganye a tafin hannunsa, ya ɗora tudu, ya ja taliya. Wata 'yar kayayo ta ce, "Rairayi tukuna, sai an tsallake rafi." Ya ɗauko ƙwai zai ajiye, sai ga hannu ya riƙe nasa. Mista Odoi ne, gashi duk ya yi fari, ya ce, "Ba nan ba. Gabas. In ta gan shi ta yi hagu." Wani ɗan sanda ya ce rimaye kafin tafki, wani tela ya ce a bar tafkin a hannun dama. Kwaku ya tsinko ɗan nama ya cusa a bayan tudu, sai duk suka ja tsaki a tare, suna dariya suna share hawaye. Ba ɗaya cikinsu da ya taɓa ganin garin. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma wannan karon ba Goggo ce ta ba ni ita ba.

Na je. Daga Salaga na hau bayan babur ina ce wa yaron bi nan, bi can. Muka tsallake rairayi. Farin Dutsen da aka kori mai taye saboda shi, wallahi da kyar ya kai min ƙugu, ƙwan ma alfarma ya yi masa. Muka yi hagu. Ga rimaye biyu, ga tafki, gotar Nima ta fi shi faɗi, kuma gaskiyar Goggo, ya janye. Na zagaya bayan tudun da ƙafa.

Wata tsohuwa na zaune a ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa, idanunta sun yi fari. Na yi sallama na durƙusa. Na ce, "Ni ce Hawa, 'yar ƙanenku, daga wurin Goggo Azumi."

Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Da ƙafa kika zo?"

"Da ƙafa, Goggo."

"To, zauna. Na ji."

Na zauna na gaya mata duk da haka, yadda aka umarce ni. Ta yi salati, tana juya ƙwayar gyaɗa ɗaya a tsakanin yatsunta. Can sai ta ce, "Jaka ce."

Na ce, "Na'am?"

"Jaka ce mana. Kakarmu ta faɗa mana muna yara, ni da ita, a nan inda kike zaune. Wane jaki ne zai sa madugu ya bar ayari?"

"To, Goggo, me ya sa duk shekarun nan ba ki faɗa ba?"

"In na yarda, me zan ba direba ya kai mata? Azumi ba ta amsa gaisuwa, sai faɗa." Ta goge ido da bakin zane. "Ta manta da mu a can birnin, ko?"

Na ce mata akwai yaran mota da 'yan sanda a Accra da za su iya zuwa ƙofar nan ido rufe, kuma kowace safiya sai an ajiye gidanta a bayan tudu, da nama, ba a taɓa karɓar kuɗinsa ba. Sai ta kifa kai a gwiwata, muka yi kukanmu.

Yanzu in an tambaye ni garinmu ina faɗa, in aka yi dariya in jira a gama.

Allah ya jiƙan Goggo Azumi, ya yafe mata tsakinta da rantsuwarta. Ya sa ta gane hanya ba tare da ɓata ba, ya saukar da ita a inda tafki ba ya janyewa, ya ajiye wa yayarta wuri a kusa da ita. Amin.